Takardar da Dramani Ya Naɗe Kan Famfo da Ita

Matso kusa, ga gefen tabarma nan babu kowa, ka zauna ka miƙe ƙafa. Labarin da ke bakina na wani mutum ne da ya gina gida tun daga kan famfo, kafin a haƙa rami ko ɗaya na harsashi. Kada ka yi dariya tukuna, bari sai ka san shi.

Sunansa Dramani, haifaffen Zongon Aboabo a Kumasi. A shekarar 2008 yana da shekara hamsin da huɗu, dogo ne siriri, mai tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwarya cike da madara. Aikinsa kula da sito a wata makaranta mai zaman kanta a Al Rayyan, gefen birnin Doha: alli, littattafai, kujeru, sabulun wanke hannu, duk ta hannunsa suke shiga su fita. Yana kwana a Fereej Abdel Aziz, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki ɗaya da Lado, mutumin Zariya, wanda shi ne mai gadin ƙofar makarantar. Mota ɗaya ke kwasarsu da safe, ita ke dawo da su da yamma, tukunya ɗaya suke ci, kuma tun ranar da suka haɗu ba su daina tsokanar juna ba. Lado yana kiransa Ba'amurke, shi kuma yana kiran Lado Sarkin Ƙofa.

Ba'amurken nan ba zolaya ce kawai ba. A 1995 Dramani ya ci cacar biza, ya tafi Columbus ta jihar Ohio, ya yi shekara goma yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito na daskararren abinci. Waje sanyi, ciki sanyi. Har ya zama ɗan ƙasa, ya karɓi fasfonsu. Ya so matarsa Sanatu ta biyo shi, ta ce ita kam ba ta zuwa garin da ruwa ke zama dutse, kuma wa za ta bar wa tsohuwarsa da tukunyar kokonta? Sai ta zauna a ɗakinta guda na gidan gado, tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ta raini 'yarsu Habibatu har ta aurar da ita Tamale. Da gwiwoyin Dramani suka fara kuka da sanyi, ya ji wani kamfani na ɗibar ma'aikata zuwa Doha saboda wasannin Asiya da ke tafe. Ya tambaya ko ana jin kiran salla daga kan gado a can, aka ce har sai ya gaji da ji. Ya tattara ya taho. Da aka gama wasannin ya samu gurbin nan na makaranta, ya zauna.

To, shekarun nan goma na sanyi ba su tafi a banza ba. Kowane wata kamfanin can yana yanke wani abu daga albashinsa, ya ɗora nasa a kai, a zuba a asusun ritaya. Kuɗi ne da ba a cire masa haraji ba, da sharaɗin ba za a taɓa shi ba sai mutum ya kai shekara hamsin da tara da rabi. Dramani yakan ce bai taɓa ganin mutanen da ke lissafa rabin shekara ga tsoho ba sai Amurkawa. A 2006 aka sayar da kamfanin, aka rubuto masa cewa ya zaɓi inda za a kai masa kuɗinsa. Ya sa hannu a takardu, aka ɗauke dala dubu arba'in da biyu daga asusun kamfani kai tsaye zuwa wani asusun ritaya na ƙashin kansa a wani banki. Ko sisi bai ratsa ta tafin hannunsa ba.

Shi a wurinsa wannan kuɗi suna ɗaya gare shi: ajiya. Kuma ya tashi a gidan da aka san ladabin ajiya. Kakarsa takan ba maƙwabciya ƙullin kuɗi ta riƙe mata, in maƙwabciyar za ta yi tafiya sai a kai wa wata, ba wanda ke shela, ba wanda ke kwance ƙullin ya ƙirga. Tsohuwar takan ce yawan leƙa tukunya shi ke hana ta tafasa, yawan leƙa ajiya kuma shi ke korar albarkarta. Saboda haka duk wasiƙar da bankin ya aiko, Dramani ba ya buɗewa. Yana ganin tambarin a kusurwar ambulan zai ce alhamdu lillahi, tana nan, ya jefa cikin jakar da ke ƙarƙashin gado.

Ya san dai dokar ƙasar da ya ɗauki fasfonta: ko ina kake a duniya, kowace shekara sai ka cike takardar haraji ka aika, ko da ba a bin ka komai. Yana cikewa kuwa, ba fashi. Ta bara yake shimfiɗawa a gefe ya kwafa, ya canza abin da ya canza. Shekarar da aka sauya wa kuɗin mazauni ya iso layin da ke tambayar abin da ya fito daga asusun fansho, ya tsaya, ya ciji bayan biro. Ya fito? Ina ya fito? Ajiya ce ta tashi daga hannun wannan ta koma hannun wancan. Ba riba ba ce, ba albashi ba ce, bai ci ba, bai sha ba. Me zai faɗa wa hukuma? Ya tsallake layin fari fat, ya liƙe ambulan, ya manta.

Yanzu bari in kai ka inda zuciyarsa take kwana.

Yana da fili a bayan Sawaba, can gefen Kumasi, wanda ya saya tun yana Ohio. Ba komai a kansa sai ciyawa da bishiyar mangwaro guda da awakin mutane. Amma in ka ga Dramani ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ci abinci, rana ta ɗan karya, za ka rantse gidan ya kai linta. Yakan shiga shagunan kayan gini na Najma yana tafe yana shafa abubuwa. Ya ɗaga mariƙin ƙofa ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya murɗa kan famfo ya kasa kunne, kamar zai ji ruwa. In abu ya kwanta masa, sai ya yi ciniki cikin Larabcinsa na kasuwa, ya biya, ya sa a aljihun jallabiya. Daga nan ya gangara bakin teku, ya sayi kofin karak, shayin nan mai kauri da madara, ya zauna a kan dakali.

A irin wannan lokaci hazon zafi yakan kwanta a kan ruwa, jiragen katako su yi kamar suna shawagi a iska, dogayen benayen da ake ginawa a tsallake su rasa gindi, sai kawunansu da ƙugiyoyin ɗaga kaya suna lilo a sama. Dramani yakan zuba musu ido har su narke. Sai mangwaron ya tsiro a tsakiyar teku. Sai katanga ta taso ta kewaye shi, fara, da shuɗin zare a gindinta. Ya tura ƙofa da mariƙin da ke aljihunsa, ya shiga. Ga zaure da benci na baƙi. Ga falo, fitila mai ƙwayoyin gilashi tana juyawa a hankali, tana watsa haske a bango kamar an fasa tsintsiyar taurari. Ya bi ta baranda, ya ji ƙamshin citta da kanumfari, ya leƙa madafa: Sanatu ce tsaye, ba a tsugune ba, taga a buɗe ta gabas, ruwa yana zuba a hannunta daga bango. Ba ta ɗauke da bokiti. Ba ta jiran kowa ya gama tara nasa. Yakan tsaya a bakin ƙofar nan ta mafarki ya daɗe, har shayin ya huce, har ladan ya kira magariba ya dawo da shi Doha.

Abin da ya saya kuwa, in ya koma ɗaki sai ya naɗe shi da kyau don kada ya ƙuje a hanya. Kuma da me zai naɗe? Jaridun nan laushi gare su, ga tawada tana zuba. Amma ambulan ɗin bankin Amurka, kauri gare su, sulɓi gare su, kamar don wannan aka yi su. Sai ya jawo jakar ƙarƙashin gado, ya zaro ɗaya, ya nannaɗe mariƙin ƙofa da ita, ya ɗaure da salatif. In kwali ya cika ya kai wa masu kago, a sa a jirgin ruwa zuwa Tema, daga can mota ta kai Aboabo. A jikin kowane kwali yakan rubuta da babban baƙi: kada a buɗe. Ya kuma gaya wa Sanatu a waya cewa amana ce, ranar da aka yi rufi za su buɗe tare. Ta ce to. Cikin shekara uku kwalaye goma sha bakwai suka taru a ɗakinta guda, daga ƙasa har silin, ta koma sallah a karkace.

Lado yakan kwanta a gadonsa yana kallon naɗin nan yana girgiza kai. Yakan ce shi dai a Zariya da tubali ake fara gida, amma ga alama a Kumasi da makunnin fitila ake farawa. Dramani ya ce ai shi ya sa gidajen Zariya ba su da makunni mai kyau.

Ana nan, wata Laraba a watan Mayu, manduban makarantar, wato mai yi mata zirga-zirgar ofisoshi, ya tsaya a bakin ƙofa ya zube wa Lado tarin wasiƙu. A Doha ta wancan lokaci ba a kai wa mutum wasiƙa gida, akwatin gidan waya na kafil, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ake sa wa, sai ranar da aka tuna aka kwaso. Wannan karon an daɗe ba a tuna ba, kuma bayan an kwaso sun ƙara kwanaki a gaban mota, rana ta gasa su har sun lanƙwashe. Lado ya tsinci ta Dramani, ya kai masa sito. Ya tarar da shi da sabon mazubin sabulu na tangaran a hannu, yana waige-waigen abin naɗi. Dramani ya karɓa, ya ce madalla, ta zo a kan gaɓa.

Lado ya riƙe gefen ambulan ɗin bai saki ba. Ya ce wannan ba irin waɗancan ba ce, tambarinta daban, ga mikiya a jiki.

"Ba'amurke, baƙuwar da ta ƙetaro teku ai a ba ta ruwa ta sha kafin a sa ta aiki. Buɗe mu gani."

Ya buɗe don a zauna lafiya. Ya karanta shafin farko a tsaye, na biyu a zaune a kan kwalin alli. Hukumar harajin Amurka ce. Ta ce tsohon kamfaninsa ya sanar da ita cewa a 2006 an fitar da dala dubu arba'in da biyu daga asusunsa na ritaya, shi kuma bai ambata ba a takardarsa. Saboda haka ta ɗauka ya karɓe kuɗin ya ci. Haraji, da tarar kashi goma cikin ɗari ta wanda ya taɓa kafin lokaci, da abin da ya hau kai na jinkiri: kusan dala dubu goma sha uku. In bai yarda ba, ya aiko da hujja cikin kwana sittin. Ya duba kwanan watan da ke sama, ya ƙirga da yatsu. Saura tara.

Dubu goma sha uku. Dramani bai gan su a matsayin lamba ba. Ya ga an yaye kwanon rufi daga kan gidan, an ciccire tagogi, ruwan sama na zuba a falo a kan fitilar gilashi.

Lado ne ya ja shi zuwa wurin Malama Na'ima, 'yar Kano mai koyar da lissafi, wadda ta yi shekaru a Amurka tare da mijinta kafin su koma Doha, kuma ita ke cike musu takardunsu na haraji da kanta. Ta karanta wasiƙar a ɗakin malamai, ta cire tabarau, ta tambaye shi ko kuɗin sun shiga hannunsa. Ya rantse ba su shiga ba, ya ba ta labarin kakarsa da ƙullin kuɗi da maƙwabta. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba. Sannan ta ce kakarsa ta yi gaskiya a Aboabo, inda kowa ya san kowa, amma hukuma ba maƙwabciya ba ce. Ita ta ga fitar kuɗi daga ƙofa ɗaya, shi ne ya kamata ya nuna mata ƙofar da suka shiga. Ta jawo takarda ta zana masa: a layin farko a rubuta kuɗin gaba ɗaya, a layin da ke kusa, na abin da za a cire wa haraji, a sa sifili, a gefe a rubuta kalma guda ta Turanci, Rollover, ma'ana an mirgina shi ne daga asusu zuwa asusu. Shi ke nan. Da ya yi haka da ba wanda ya neme shi.

"Baba Dramani, ba a ce ka biya ba fa tun farko. Cewa aka yi ka faɗa."

Ya ce to yanzu ya faɗa mana. Ta ce yanzu baki kaɗai ba ya isa, sai da shaida. Sabon bankin lalle ya aiko masa da wata takarda a bara, wajen watan Mayu, mai lamba 5498 a kusurwa, wadda ke nuna sun karɓi kuɗin cif. Ita za a haɗa da amsa. Tana ina?

Dramani ya dubi Lado. Lado ya dubi silin, yana danne dariya.

Sun gwada bankin a waya a ranar, da katin kira na riyal talatin. Bayan kiɗa mai tsawo wata murya ta ce za a iya sake aiko masa, ta gidan waya, sati uku zuwa huɗu. Suka zazzage jakar ƙarƙashin gado, ambulan shida ne suka rage, duk na bana. Ta bara tana Aboabo, a cikin ɗaya daga kwalaye goma sha bakwai, ta rungume wani abu.

Kwana biyu Dramani yana juya maganar. Ba kuɗin kati ne ya dame shi ba. Shekara uku yana tanadin wata rana guda: ranar da zai tsaya a falo mai rufi, ya yanka salatif, ya miƙa wa Sanatu abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya yana kallon fuskarta. Yanzu zai ba da ranar nan ta waya, a ɗaki mai ɗigar ruwa, shi kuma ba ya nan. Ranar Juma'a ya je bakin teku, ya zauna, ya jira gidan ya taso. Hazo ya kwanta, benaye suka rasa gindi, amma mangwaron ya ƙi tsirowa. Ya koma ya sayi katin kira biyar.

Asabar da azahar a Doha, hantsi ne a Kumasi, Sanatu ta sauke tukunya ke nan. Ya yi mata bayani a gajarce. Ta tambaya ko da bakinsa yake cewa ta buɗe, don kada gobe a ce ta ci amana. Ya ce da bakinsa. Ba ta karanta Turanci, amma mace ce da ta shekara ashirin tana ba da canji, lamba ba ta ɓace mata. Ya ce ta nemi biyar, huɗu, tara, takwas, a saman takarda. Ta maƙale waya a kafaɗa, ya ji ƙarar wuƙa tana bin salatif.

Abu na farko da ta kwance, ta ce wani ƙarfe ne mai ruwan zinariya kamar ƙahon rago. Ya ce mariƙin ƙofar zaure ne. Ta ce wane zaure? Ya ce wanda baƙi za su zauna, da benci ta hagu. Ta ce to. Ta farke ambulan, ta karanto lambobi, ba su ba ne. Na biyu ƙugiyoyi shida. Ya ce na rataye kaya ne a bayan ƙofar ɗakinta. Ɗakinta ita kaɗai? Ita kaɗai, da taga biyu. Ta ce hm.

Haka suka yi ta tafiya. Tun yana amsawa a taƙaice, yana duban agogo, har ya manta da agogon. Ya jingina da bango a kan gadonsa, ya lumshe ido, ya riƙa bin ta ɗaki ɗaki. Wannan madubin na bayan gida ne, ƙasa-ƙasa za a kafa shi saboda ba ta da tsawo. Wannan ƙararrawar ta bakin ƙofa ce, kukan tsuntsu take yi. Waɗannan ƙwayoyin gilashi guda arba'in da takwas ne, kada ta wanke su da omo. Sanatu tana kwancewa tana tsiya: wa zai share duk ɗakunan nan, ita da bayanta? Ƙararrawa kuma a Zongo, inda mutum ke shigowa ya zauna kafin ya yi sallama? Amma muryarta ta canza, ta yi laushi, tana jan tambaya kamar mai jan zare daga ƙwarya. Barandar tana kallon mangwaron? In Habibatu ta zo wankan jego ina za a sa ta? Ya ce akwai ɗaki, ya riga ya sayi labulensa, yana kwali na tara ko na goma. Kati na farko ya ƙare, Lado ya kankare na biyu ya miƙo.

A kati na huɗu, kwali na goma sha ɗaya, ta ce ga wani abu mai nauyi, dogon wuya kamar zalɓe, an naɗe shi da ambulan har uku. Ya ce kan famfo ne. Na ina? Na madafa. A cikin madafar? A ciki, a jikin bango, ƙarƙashin tagar gabas, ta murɗa kawai.

Ya ƙara danna wayar a kunne. Yana jin kukan akuya can nesa, da rediyon maƙwabta.

"Baban Habibatu," ta ce a hankali, "yau da asuba mutum goma sha huɗu ne a gabana a layin famfo. Ashe nawa famfon yana nan bisa kaina ina kwana."

Ya buɗe ido. Ita kuwa ta ci gaba da warware naɗin. Ya ji takarda na ƙara, sai ta karanto, ɗaya bayan ɗaya, da muryar mai ba da canji: biyar, huɗu, tara, takwas.

Kafin la'asar ta kai ta shagon waya na bakin kasuwa, aka turo ta fakis zuwa wani shagon buga takardu a Fereej Abdel Aziz. Ta fito da ɗumi, da layukan lanƙwasa baƙaƙe a jikinta, har kana iya gane inda wuyan famfon ya kwanta. Amma sunansa ya fito, dubu arba'in da biyun sun fito. Ranar Lahadi Malama Na'ima ta rubuta amsa, layi biyar kacal: ban yarda ba, kuɗin an mirgina su ne kai tsaye, ga shaida. Ya sa hannu, aka tura ta lambar da ke jikin wasiƙar, aka kuma aika kwafi ta masu kai saƙon gaggawa. Ta ce khalas, an gama, saura jira. Ta ƙara da cewa daga yau duk ambulan da ya zo ya buɗe, albarka ba ta tsoron ido.

Jiran ya cinye watannin zafi duka, ya haɗa da azumi. Lado ya mai da kansa ƙarfen ƙafa ga mandub, kullum sai ya tambaye shi akwati, har mutumin ya fara canza ƙofar shiga. Bayan sallah da sati biyu amsa ta iso, shafi ɗaya. An karɓi bayaninsa, an rufe magana, abin da ake bin sa: sifili. Lado ya ɗaga takardar sama ya ce bai taɓa ganin sifilin da ya ci katin waya biyar da kwali goma sha ɗaya ba.

Dramani ya kira gida da albishir, ya ce yanzu sai ta mayar da kayan cikin kwalaye, zai aiko da salatif mai kyau. Sanatu ta yi dariya. Ta ce ai ya makara. Sauran shidan ma ta buɗe. Ta cire daga kuɗin kokonta ta sa an jawo bututu daga bakin titi zuwa ƙofar ɗakinta, an kafa dogon wuyan nan a jikin bangon gidan gado, matan gidan duka a nan suke tara ruwa yanzu. Fitilar gilashi tana rataye a ɗakinta guda, ta yi wa ɗakin yawa, sai an sunkuya ake wucewa, amma in an kawo wuta bango yakan cika da taurari. Ƙararrawar ce kawai ta cire, don jikokin gidan sun hana tsuntsun hutawa.

"Na ga gidan, Baban Habibatu, ya yi kyau. Amma ni na gaji da zama a cikinsa ta waya. Ka zo ka haƙa rami, ko ɗaki biyu ne, mu shiga da ranmu."

Ya ce kuɗin ba ya taɓuwa sai nan da shekara biyar da rabi. In ya taɓa yanzu, abin da ya tsere wa a watan Mayu shi zai biya da hannunsa, wannan karon da gaskiyarsu. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ta dai san gwiwarsa da bayanta ba su sa hannu a takardar jira ba.

Juma'ar da ta biyo bai shiga Najma ba. Ya wuce kai tsaye bakin teku, aljihu ba komai, ya sayi karak ya zauna. Iska ta fara sanyi, hazo ya yi siriri, benayen tsallake sun sami gindinsu. Ya jira. Can sai mangwaron ya taso, katangar ta biyo, amma ƙarama ce yau, ɗaki biyu da madafa, bulo tsirara ba fenti, rabin fili ciyawa ce har yanzu da awaki. Ga Sanatu a tagar gabas tana ɗauraye kofi, ta ɗago tana yi masa alama da hannu ya shigo, shayi zai huce. Can bayanta kuma, a dusashe, babban gidan yana tsaye da zaurensa da barandarsa, cikakke, ba wanda ya cire masa ko ƙusa, yana jiran shekara biyar da rabi.

Ladan ya kira magariba, Dramani bai motsa ba tukuna, kofi a hannu, yana duban wannan yana duban wancan. To kai da ka zauna ka ji, da kai ne a kan dakalin nan, wace ƙofa za ka tura?